Yadda Ake Zana Rashin Daidaito a Kan Layin Lamba, Mataki-Mataki

Ɗalibai da dama, har da iyayen da ke zama da yaransu a kan aikin gida, sun yi ta maimaita mini tambaya ɗaya a kan lissafin rashin daidaito, wato lissafin da ake amfani da alamomin <, >, ≤ da ≥ a maimakon alamar daidai. Yawancinsu suna iya warware tambayar har su kai ga amsa irin x > 3, amma da zarar an ce su nuna wannan amsa a kan layin lamba sai hannu ya tsaya: shin da'irar za a cike ta ko za a bar ta fanko, kuma kibiyar hagu za ta nufa ko dama? Ana fara koyar da wannan darasi a ƙaramar sakandare, sannan ya sake biyo ɗalibi zuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, don haka wanda bai riƙe shi da kyau tun farko ba zai yi ta asarar maki masu sauƙin samu. Zanen gaba ɗayansa amsa ne ga tambayoyi uku: ina iyaka take, ita kanta iyakar tana cikin amsa ko tana waje, kuma a wane gefenta sauran amsoshin suke.

Kayan aiki

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: rula mai santimita, fensir mai tsini, kilina, da takarda. Ƙaramar rular nan mai santimita 15 da ke zuwa cikin akwatin mas set ta isa, ba sai an sayi doguwa ba, kuma babu buƙatar kashe kuɗi a kan takardar giraf. Wanda yake da littafin lissafi mai gida-gida ya huta, domin kowane gida zai tsaya a matsayin tazara ɗaya. A yi zanen da fensir, kada a yi da biro, saboda da'irar da aka cike da biro bisa kuskure ba ta komawa fanko, sai dai a soke zanen a sake sabo, kuma a ɗakin jarrabawa wannan ɓata lokaci ne.

Mataki na 1: A karanta alamar da baki kafin a zana komai

Alamomin huɗu ne. Idan aka rubuta x > 3, ana nufin x ta fi 3. Idan aka rubuta x < 3, ana nufin x ba ta kai 3 ba. Idan kuwa akwai ɗan layi a ƙarƙashin alamar, to an shigar da ita lambar kanta cikin zancen: x ≥ 3 na nufin x ta kai 3 ko ta fi, sannan x ≤ 3 na nufin x ba ta wuce 3 ba. Hanya mafi sauƙi ta tuna fuskar alamar ita ce buɗaɗɗen bakinta kullum yana kallon ɓangaren da ya fi girma, tsininta kuma yana nuna ƙaramin.

Dokar zaɓe a Najeriya misali ce mai kyau. Ana yi wa mutum rajistar zaɓe ne idan ya kai shekara 18, saboda haka wanda ya cika 18 cif yana ciki, kuma a lissafi za a rubuta x ≥ 18. Da a ce doka cewa ta yi sai wanda ya haura 18, da x > 18 za a rubuta, mai 18 cif kuma ya koma gida. Kalmomin “aƙalla”, “ya kai” da “bai gaza ba” duk ≥ suke kira, “bai wuce ba” kuma ≤ take kira.

Gargaɗi: wani lokaci mai tambaya yakan sa harafin a dama da gangan, kamar 3 > x. A karanta daga wajen harafin: tsinin alamar x yake nunawa, ke nan x ce ƙarama. A sake rubuta shi ya zama x < 3 kafin a ci gaba. Idan aka sauya wa ɓangarorin biyu wuri, dole alamar ma ta juya, domin cewa “Audu ya girmi Garba” daidai yake da cewa “Garba ƙanen Audu ne”, ba a canza gaskiyar magana ba, an dai faro ta daga ɗaya gefen.

Mataki na 2: A ware harafin shi kaɗai a gefe ɗaya

Ba a zana rashin daidaito sai x ta tsaya ita kaɗai. Idan tambayar ta zo a warware, a wuce zuwa mataki na gaba. Idan kuma ta zo kamar 2x + 1 > 7, a bi da ita yadda ake bi da lissafin daidaito na yau da kullum: a cire 1 daga kowane ɓangare, a samu 2x > 6, sannan a raba kowane ɓangare da 2, a samu x > 3. Tarawa da cirewa ba sa taɓa alamar, haka nan ninkawa ko rabawa da lambar da ke sama da sifili.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen ninkawa ko rabawa da lambar da ke ƙasa da sifili, wadda a aji ake kira mai mainos. A nan alamar tana juyawa, kuma ya kamata a fahimci dalili maimakon a haddace kawai. Kowa ya yarda 2 ba ta kai 5 ba. To a ɗauka waɗannan lambobi bashi ne: wanda ake bi naira 2 ya fi wanda ake bi naira 5 kyawun hali a aljihu, wato −2 ta fi −5. Da muka ninka ɓangarorin biyu da −1, wadda take ƙarama ɗazu ita ta koma babba, shi ya sa 2 < 5 ta zama −2 > −5.

Mu ɗauki 5 − 2x ≥ 11. A cire 5 daga kowane ɓangare, a samu −2x ≥ 6. Yanzu za a raba da −2, don haka alamar ta juya a daidai wannan layi, amsa ta zama x ≤ −3. Ga wanda yake yawan manta juyawar, akwai wata hanya da ni kaina na fi so in koya wa masu farawa: a ƙara 2x a kowane ɓangare domin ta rabu da mainos, a samu 5 ≥ 11 + 2x, a cire 11, a samu −6 ≥ 2x, a raba da 2, a samu −3 ≥ x, wanda idan aka karanta daga wajen harafi shi ne x ≤ −3. Amsa ɗaya ce, kuma ba a raba da lambar ƙasa da sifili ba ko sau ɗaya.

Gargaɗi: ganin mainos a cikin tambaya kawai ba ya sa a juya alama. A 3x > −12, da 3 ake rabawa, 3 kuwa tana sama da sifili, saboda haka amsa ita ce x > −4 ba tare da wani juyi ba. Abin dubawa shi ne lambar da aka raba da ita, ba lambar da aka raba ba. Ɗaliban da suka ji an tsananta gargaɗi a kan juya alama su ne suka fi afkawa wannan rami, suna juya ta ko'ina suka hangi mainos.

Mataki na 3: A ja layi a jera lambobi

A ɗora rula a kwance a ja miƙaƙƙen layi mai tsawon kamar santimita 10 zuwa 12. A yi ƙananan tsaga a tsaye a kansa, tazarar santimita 1 tsakanin kowace tsaga da mai bi mata, sannan a rubuta lambobin a ƙarƙashin tsagogin, ba a tsakaninsu ba. Lambobi suna ƙaruwa ne idan ana tafiya dama, suna raguwa idan ana tafiya hagu.

Ba dole ne sifili ya zauna a tsakiya ba. Abin da ake so a tsakiya shi ne lambar iyaka, da lambobi uku ko huɗu a kowane gefenta. Ga x > 3, layin da ya tashi daga −1 zuwa 7 ya wadatar. Ga x ≥ 18, babu mai lokacin farowa daga sifili yana ƙirga tsaga 18, a fara daga 14 a tsaya a 22. Idan lambobin manya ne, kamar 40 da 120, sai kowace tazara ta tsaya a madadin 20, amma duk abin da aka zaɓa a riƙe shi har ƙarshen layi, kada tazara ɗaya ta zama 20 mai bi mata ta zama 50.

Gargaɗi: a gefen hagu na sifili, jerin yana tafiya ne −1, −2, −3, −4 ana nisa da sifili. Wanda ya karanta layin daga hagu zuwa dama zai ga −4, −3, −2, −1, 0. Yaran da suka saba fara rubutu da 1 sukan sa −1 a can ƙarshen hagu su kawo −4 kusa da sifili, kuma da an yi haka duk abin da aka ɗora a kan layin ya rushe, ko da lissafin baya daidai ne.

Mataki na 4: A sa da'ira a kan iyaka

A nemo lambar iyaka a zana ƙaramar da'ira a daidai tsagarta. Idan alamar < ce ko >, a bar cikin da'irar fanko, kamar haka ○, wanda ke nuna an zo har bakin wannan lamba amma ita ba ta cikin amsa. Idan alamar ≤ ce ko ≥, a cike da'irar da fensir ta yi baƙi, kamar haka ●, wanda ke nuna lambar tana ciki. Ɗan layin da ke ƙarƙashin alama shi ne ƙarin tawadar da za a zuba cikin da'ira, idan babu shi babu ciko.

Wasu littattafai suna zana da'irar a kan layin kansa, wasu kuma suna ɗaga ta sama kaɗan da layin, daidai saitin lambar. Duka biyun karɓaɓɓu ne, sai dai ɗagawar ta fi tsabta, domin tsagar da ke ƙarƙashi ba za ta ratsa da'irar fanko ta sa mai duba takarda ya yi zaton an cike ta ba. A tsarin Faransa kuma, wanda makarantun Jamhuriyar Nijar suka gada, baka mai kusurwa ake sawa a kan iyaka a maimakon da'ira: idan bakinta na kallon ɓangaren amsa to lambar tana ciki, idan ta juya masa baya to tana waje. Ɗalibi ya bi salon da malaminsa da littafinsa suke bi.

Idan iyakar ba cikakkiyar lamba ba ce, a mayar da ita mai ɗigo tukuna. Misali 2x < 5 tana ba da x < 2.5, sai da'irar ta zauna a tsakiyar 2 da 3, a kuma rubuta 2.5 a ƙarƙashinta don kada a bar mai dubawa da kintace. A kula da masu mainos: −1.5 tana tsakanin −2 da −1 ne, ba tsakanin −1 da 0 ba.

Gargaɗi: akwai ɗaliban da idan suka ga x > 3 sai su ce tunda 3 ba ta ciki, bari su tsallaka su sa cikakkiyar da'ira a kan 4. Wannan kuskure ne, domin tsakanin 3 da 4 akwai 3.5, akwai 3.1, akwai 3.001, dukkansu sun fi 3, kuma zanen da ya faro daga 4 ya zubar da su. Ba za a iya nuna “lambar farko bayan 3” ba, saboda duk wadda aka kawo akwai wata da ta fi ta kusa da 3, kuma wannan ne ainihin dalilin da ya sa ake buƙatar da'irar fanko.

Mataki na 5: A ja kibiya

Daga jikin da'irar a ja layi mai kauri zuwa gefen da amsoshin suke, a ƙare shi da kan kibiya. Idan x ta fi iyaka, kibiya ta nufi dama. Idan x ba ta kai iyaka ba, kibiya ta nufi hagu. A ja ta har ƙarshen layin lambar, domin kan kibiyar yana faɗa wa mai karatu cewa amsoshin ba su tsaya a inda takarda ta ƙare ba: a x > 3, lamba 7 amsa ce, 700 ma amsa ce.

Gargaɗi: dabarar nan da ake yaɗawa cewa kibiya tana bin inda tsinin alama ya nuna tana aiki ne kawai idan x tana hagu. A 3 > x tsinin dama yake nunawa, alhali amsoshin suna hagu da 3. Wanda ya kiyaye gyaran da aka yi a mataki na 1 ba zai gamu da wannan matsala ba.

Mataki na 6: A gwada lamba

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran daraja, domin shi kaɗai yake kama kuskuren da aka yi a baya. A ɗauki lamba ɗaya daga inda kibiya ta rufe, a saka ta cikin tambayar asali, ba cikin amsar da aka samu ba. A misalinmu na 5 − 2x ≥ 11 mun sami x ≤ −3, wato cikakkiyar da'ira a kan −3 da kibiya zuwa hagu. Mu ɗauki −4: ninka −4 da −2 yana ba da 8, a tara da 5 a samu 13, kuma 13 ta fi 11, magana ta tabbata. Sai a ɗauki wata daga ɗaya gefen, sifili ya fi sauƙi in dai ba shi ne iyaka ba: 5 − 0 yana ba da 5, 5 kuwa ba ta kai 11 ba, saboda haka daidai ne da kibiya ba ta bi ta kan sifili ba. A ƙarshe a gwada ita kanta iyakar: −3 tana ba da 5 + 6, wato 11, kuma 11 ≥ 11 gaskiya ne, ciko ya halatta.

Da a ce an manta juya alama an rubuta x ≥ −3, kibiya za ta rufe sifili, gwajin sifili kuma zai fito da 5 ≥ 11, wanda ko ɗan firamare ya san ƙarya ne. Duka gwajin ba ya cin minti ɗaya.

Mataki na 7: Idan iyaka biyu ce

Tambaya irin −2 < x ≤ 4 tana cewa x ta fi −2 kuma ba ta wuce 4 ba, a lokaci guda. A duba kowace iyaka da alamar da ke kusa da ita: da'irar fanko a kan −2, cikakkiya a kan 4, sannan a haɗa su da layi mai kauri. A nan babu kan kibiya, domin amsoshin a killace suke ta gefe biyu.

Idan ana buƙatar warwarewa, duk abin da aka yi wa ɓangare ɗaya a yi wa ukun. A −4 < −2x ≤ 6, raba ko'ina da −2 yana juya alamomin biyu, a samu 2 > x ≥ −3. A sake jera shi ƙarama a hagu, ya zama −3 ≤ x < 2, kowace lamba ta tafi da alamarta: cikakkiyar da'ira a kan −3, fanko a kan 2.

Gargaɗi: a bambanta “kuma” da “ko”. Idan aka ce x < −1 ko x ≥ 3, zane biyu ne a kan layi ɗaya, da'irar fanko a kan −1 da kibiya zuwa hagu, cikakkiya a kan 3 da kibiya zuwa dama, tsakiya kuma a bar shi wayam. Kada a matse su a jimla ɗaya kamar 3 ≤ x < −1, domin babu lambar da ta kai 3 kuma ta gaza −1.

Mataki na 8: Idan cikakkun lambobi kawai ake nema

Wasu abubuwa ba a ƙirga rabinsu, kuma tambaya takan faɗa a fili cewa x cikakkiyar lamba ce. A wannan hali ba a jan layi mai kauri, sai dai a sa baƙin ɗigo a kan kowace lambar da ta cika sharaɗi. Ga −2 < x ≤ 4, ɗigo shida za a sa, a kan −1, 0, 1, 2, 3 da 4, ita kuwa −2 a bar ta ba komai. Zakkar tumaki da awaki ma haka take: daga 40 zuwa 120 dabba ɗaya ake fitarwa, wato 40 ≤ x ≤ 120, iyakokin biyu duk suna ciki, kuma babu mai garken tunkiya 40 da rabi.

A tambayoyin zance, sau da yawa ba za a faɗa ba, hankali ne zai nuna. A ce yarinya tana da naira 5,000, za ta ware 500 kuɗin mota, sauran ta sayi littattafan rubutu a kan naira 600 kowanne. Kuɗin da za ta kashe bai kamata ya wuce abin da ke hannunta ba, saboda haka 600x + 500 ≤ 5000. A cire 500, a samu 600x ≤ 4500, a raba da 600, a samu x ≤ 7.5. Mai shago ba ya sayar da rabin littafi, kuma ba a sayen littafi ƙasa da sifili, don haka ɗigo za a sa daga 0 zuwa 7. Kada a ɗaga 7.5 zuwa 8 bisa al'adar cike lamba: littafi 8 naira 4,800 ne, idan aka haɗa da kuɗin mota ya zama 5,300, ya haura abin da take da shi da naira 300.

Mataki na 9: Karanta zanen da wani ya yi

A tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, sau da yawa zanen ake bayarwa a ce a fito da rashin daidaiton, kuma amsoshin da aka jera sukan yi kama da juna, bambancinsu bai wuce ɗan layin ƙarƙashin alama ko fuskarta ba. A bi matakan nan a baibai. A fara da duba tazarar layin, domin kowace tsaga tana iya zama 2 ko 5 maimakon 1, sannan a karanta lambar da ke ƙarƙashin da'ira, a duba ko a cike take, a ga inda kibiya ta nufa, a rubuta amsa da x a hagu kafin a leƙa abin da aka jera. Idan aka ga da'irar fanko a kan −1 da kibiya zuwa dama, amsa ita ce x > −1. Idan ba a same ta haka a jerin ba, a nemi −1 < x, ko kuma wata jimla da ba a warware ba kamar 2x + 2 > 0, wadda idan aka cire 2 aka raba da 2 take komawa x > −1.